Hannun da Ya Riƙe Mini Hijabi a Filin Jirgi

Shekaru sun ja, yarinyar da zan ba da labarinta har ta fi ni tsawo yanzu, amma ranar da muka tashi kai surukata Abuja aikin ido ta ƙi fita raina, kuma na san ba za ta fita ba har in koma ga Allah. Ko yau ɗin nan idan ƙaramin yaro ya ja mini hijabi ta baya a kasuwa, sai na ji gabana ya faɗi kafin in waiga.

Lokacin muna zaune a Gwadangaji, ni da maigida da jaririn da nake goyo. 'Yarmu ta fari kuwa tana Argungu wurin kakarta, mahaifiyar maigida, wadda duk muke kira Inna. Tun da aka yaye ta Inna ta ɗauke ta, kamar yadda ake yi a gidansu, ni kuma ban hana ba. Gaskiya ma har alfahari nake yi. A dangin mijina an san ni da kunyar 'yar fari: ba na kiran sunanta, ba na ɗaukarta, ba na ko kallon inda take idan manya na wurin. Idan ta faɗi a gabana sai dai wani ya ɗaga ta. Mata kan ce, "Ku dubi matar wane, ta yi boko amma ta san ya kamata," ni kuma kaina ya ƙara girma. Ina son yarinyar kamar raina, amma a ɓoye nake son ta, sai mun shiga ɗaki mu biyu.

Yanar ido ce ta rufe wa Inna gani, har ya zama ba ta bambance fuska sai dai inuwar mutum. Likita ya ce a kai ta Abuja. Ga ciwon gwiwa, ba za ta iya zaman mota na yini guda ba, sai maigida ya yanke mana tikitin jirgi mu biyar: shi, ni, jaririn, Inna da jikarta, don Inna ta rantse ba inda za ta je ba da ƙawarta ba. Haka take kiran yarinyar, ƙawata. Shekararta biyar a lokacin.

Maigida mutum ne mai son a ce ya iya tsara abu. Kwana uku yana yi mini bayanin cewa ya yi magana da ma'aikatan filin jirgi, akwai layi na musamman da ake bi da tsofaffi masu keken guragu da iyalai masu ƙananan yara, ba tsayuwa, ba dogon bincike. Na ce masa to, Allah ya sa kada mu riga jirgin isa Abuja. Bai yi dariya ba.

Tsakiyar bazara ce, irin zafin Kebbi da ke sa kwalta ta yi laushi. Mu mun fito daga Gwadangaji da wuri. Inna da yarinyar kuwa, yayan maigida mai fataucin albasa, wanda muke kira Yaya, shi zai ɗauko su daga Argungu a tsohuwar motarsa, mu haɗu a filin jirgi. Suka makara, don Inna sai da ta yi sallama da kowane gida a unguwarsu kamar mai tafiya Makka. Da motar ta tsaya, an riga an fara kiran fasinjoji su shiga a duba takardunsu. Nan wuri ya rikice. Inna na gaba saboda ƙafarta, aka taru ana ciccibo ta zuwa keken guragu, Yaya na fiddo jakunkuna daga but ɗin motar, maigida na ɗaga wa wani ma'aikaci hannu da takardu, jaririn ya tsala kuka a bayana. Ni da na ga Yaya da Inna a wuri ɗaya, sai na sunkuyar da kai na gaishe su, na juya baya ga motar don kada a ce ina leƙen 'yata.

A bakin ƙofar shiga na ji ɗan ƙaramin hannu ya kama gefen hijabina. Ta wutsiyar ido na ga saman kai cikin farin hijabi irin na Islamiyya, wanda kowace yarinya ke da shi. Wani daɗi ya ratsa ni, na ce a raina ashe ta yi kewata. Ban duba ba. Inna na gabana ana tura ta, Yaya na bayanmu yana yi mana Allah ya kiyaye hanya, ina ni ina sunkuyawa in kalli 'yar fari?

Layin kuwa ya yi saurin da aka ce. Ga mutane can sun yi dogon layi suna fifita da takardunsu, ana sa su cire ɗamara da agogo, mu aka buɗe mana igiya ta gefe. Ma'aikacin ya karɓi takardunmu a dunƙule daga hannun maigida, ya ƙirga biyar, ya ɗaga kai ya ƙirga mu biyar har da na goye, ya miƙo masa. Wata ma'aikaciya ta shafa mini na'urarta a jiki sama-sama, ta shafa wa yarinyar, ta yi murmushi ta ce 'yata ba ta da ƙiriniya. Na ji daɗin yabon, na wuce ina taku ɗai-ɗai a gaban masu layi. Allah ya yafe mini, har tausayinsu na ji.

Ɗakin jiran jirgi akwai sanyi, ga shiru, sai ƙarar na'urar sanyaya ɗaki. Na zauna na kwanto jaririn ina ba shi nono a ƙarƙashin hijabi. Yarinyar ba ta zauna ba. Tana tsaye a gefena, hannunta bai saki hijabin ba ko sau ɗaya. A nan ne wani abu ya fara damuna, ban san ko mene ne ba. 'Yata surutu ne da ita kamar rediyo, ba ta minti biyu ba ta yi tambaya ba, kuma duk inda Inna take can take liƙewa. Wannan kuwa ko motsi ba ta yi. Kuma ta cikin yadin ina jin sanyin yatsunta a cinyata, alhali daga cikin wannan rana muka shigo. Duk da haka ban duba ba. Na ce baƙunta ce, ba ta taɓa ganin irin wurin nan ba.

Mun kai kusan rabin awa a haka, maigida na can gefe yana waya da asibiti, sai Inna ta juyo da fuskarta wajen da take jin numfashina.

"Ina ƙawata? Tun Argungu ban ji muryatta ba."

Na ce a hankali ga ta nan, na tura yarinyar gabanta ba tare da na kalle ta ba. Inna ta miƙa hannu ta lalubo kanta, ta shafo goshi, ta sauko kan hanci da kumatu, kamar yadda ta saba tun da idon ya tafi. Sai hannun ya tsaya cak. Ta daɗe a haka. Da ta yi magana, muryarta ƙasa-ƙasa ce, ba tashin hankali a cikinta, kuma wannan ne ya fi ba ni tsoro.

"Wagga ba tamu ta ba."

Sai a lokacin na duba. Fuskar da ke cikin farin hijabin ban taɓa ganinta ba a duniya. Yarinya ce siririya mai manyan idanu, ta kafe ni da su ba ta ƙiftawa. Ba ta yi kuka ba, ba ta ji tsoro ba. Na tambaye ta sunanta, shiru. Na tambaye ta ina mamarta, shiru. Na fara karanto duk addu'ar da ta zo bakina, don abin da ya faɗo mini a rai ba na mutane ba ne. Sai ta sake kama hijabina ta ja ni, da ƙarfin da ban zaci tana da shi ba, har gaban babban gilashin da ke kallon waje. Ta ɗaga yatsa ta nuna.

Na bi yatsan da ido. Can a inda ake ajiye motoci, cikin tsakiyar rana ba ko inuwar bishiya, ga motar Yaya a tsaye, a rufe.

Ban san lokacin da na dangwara wa maigida jaririn ba. Na ji Inna a bayana tana cewa yarinyar ta kwanta a kujerar baya tun suna hanya, ita da kanta ta ce a lulluɓa mata zani saboda rana. Maigida ya kira wayar Yaya, tana ta ringi ba a ɗauka, ashe ya kulle motar ya tafi masallaci sallar azahar. Ƙofar da muka shigo cikin minti biyu ta zama ba a fita ta nan. Ma'aikacin yana yi mini bayanin ƙa'ida, ni kuma bakina ya kasa haɗa magana, sai nuna waje nake yi kamar yadda yarinyar ta yi. Ma'aikaciyar da ta yaba mini ɗazu ita ta gane. Ta dubi fuskata sau ɗaya, ta kama hannuna muka fita da gudu ta wata ƙofa.

Takalmina ɗaya ya fita a hanya, ban ji zafin kwaltar ba sai washegari da tafin ƙafata ya yi bororo. Na isa motar na leƙa, kujerar baya ba kowa. Sai na hango zanin Inna a ƙasa, a ramin da ke tsakanin kujeru, da 'yar ƙafa ta leƙo daga ƙarƙashinsa. Ta gangaro ne cikin barci, shi ya sa Yaya da ya waiga bai ga kowa ba. Na buga gilashin da tafin hannu biyu. A nan, gaban direbobi da 'yan rakiya da duk wanda ke wurin, na ƙwala kiran sunanta, sunan da ban taɓa furtawa a gaban mutane ba tun ranar da aka raɗa mata shi. Na kira har muryata ta dushe. Ƙafar ba ta motsa ba.

Wani direba ne ya ɗauko dutse ya fasa gilashin gaba. Zafin da ya fito daga motar ya doke ni a fuska kamar an buɗe tanda. Da na ɗago ta, jikinta ya saki, kayanta sharkaf, leɓɓanta sun bushe sun yi fari. Aka yi ta kwarara mata ruwa, ina jijjiga ta ina kiranta. Can ta ja wani dogon numfashi, ta buɗe ido kaɗan, ta ce ƙishirwa take ji. Daga baya likita ya ce abin da ya taimake ta shi ne gilashi ɗaya na baya da ba ya rufuwa duka, wanda Yaya ya shekara yana cewa zai gyara.

Jirgi ya tashi ba mu. A asibitin cikin gari muka ƙare, ana yi mata ƙarin ruwa.

Ita kuwa waccan yarinyar, ban sake ganinta ba. Maigida ya ce kurma ce, ba ta ji ba ta magana. Uwarta 'yar Zauro ce, ta zo rakiyar wani ɗan'uwansu, kuma hijabinta ruwan toka ne irin nawa sak. A cikin turmutsutsun bakin ƙofa yarinyar ta saki na uwarta ta kama nawa. Ya ce uwar tana can wajen motoci tana kuka tana nemanta, uwar tata ce yarinyar take nunawa ta gilashi, ba motar Yaya ba. Na yarda da shi, bayani ne mai ma'ana. Amma ni na tsaya a bayan yatsan nan, na san inda ya nuna. Har yau ban san me zan ce game da ita ba. Ba don ta riƙe ni ba, da tun a ƙofa na ji babu kowa a gefena. Ba don ta ja ni gaban gilashin ba, da mun ɓata lokaci muna neman 'yata a banɗaki da shagunan ciki.

Na so in ɗora wa layin laifi, na kuma ɗora wa maigida na kwana biyu. A dogon layi dole ka tsaya, yaro ya dame ka, ka sunkuya ka cire masa takalmi, a duba takardar kowa da fuskarsa. Amma ma'aikacin nan aikinsa ya yi: an ba shi takarda biyar, ya ga kai biyar. Bai san 'yata ba. Inna ba ta gani. Maigida hankalinsa na kan takardu, kuma shi ma kunyar ta hana shi tambaya. Mutum ɗaya ce a wurin mai lafiyayyen ido wadda yarinyar ke manne da jikinta rabin awa.

Da la'asar aka turo Inna ɗakin da aka kwantar da mu. Ina zaune a bakin gado riƙe da hannun 'yata, da na ji shigowarta sai jikina ya yi abin da ya saba, na saki hannun na matsa gefe. Ban san yadda ta gane ba, wataƙila ƙarar gadon ta ji. Ta lalubo hannuna, ta lalubo na yarinyar, ta haɗa su ta danne da nata.

"Ni idona ya tahi," ta ce. "Naki hwa, mi as same shi?"

Na damƙe hannun 'yata ina kuka.

Abin da na koya ke nan, kuma da tsada na koye shi. Kunya abu ne mai kyau, har gobe ina girmama surukaina, amma duk kunyar da za ta hana uwa duban fuskar ɗanta ta wuce wurinta. Yanzu ko layin sauri ne ko na jira, ko jirgi ne ko Keke Napep zuwa kasuwa, ba na ƙirga kawuna, ba na kuma barin wani ya ƙirga mini. Sai na durƙusa na kalli kowane ɗa a ido, na kira shi da sunansa ya amsa, ko wa ke tsaye a wurin.