Notin da Ya Ƙi Shiga

Shekara ashirin da bakwai rumfata ta faci tana jingine da garejinsa, amma in aka ce in kwatanta fuskarsa sai na tsaya tunani. Tafin ƙafarsa kuwa ko cikin dubu zan fitar. Kullum yana kwance kan kwali a ƙarƙashin wata tsohuwar mota, ƙafafu a waje, shi ya sa duk layin muke ce masa Ƙarƙashi. Shi kuma yana ce mini Mai Sayar da Iska, wai ban taɓa ba mutum abin da zai riƙe a hannu ba.

Gajiyayyun motoci ne aikinsa, irin waɗanda in an tayar sitiyari ke rawa kamar mai zazzaɓi. Ya fi ƙwarewa a kujerar inji, wato robar nan mai kauri da inji da giya ke zaune a kanta. In ta mutu, inji sai ya dinga dukan jikin mota. Yakan sa mai motar ya taka birki, ya sa giya, ya ɗan ba ta wuta, shi kuma ya ɗora tafin hannu a kan injin ya rufe ido. In ya buɗe ya ce ta hagu ce, to ta hagun ce. Sannan ya kama tayar gaba ya girgiza, ya shafa ya ji ta wane gefe take cinyewa. Mutum ne mai wuyar sha'ani, kuma a gabansa nake faɗa. Ya sha korar mai mota don kawai ya ce a lallaɓa. Ba shi da fili, ba shi da ko keke, sunansa ne dukiyarsa. In aka ce Ƙarƙashi ya duba mota, ba a sake tambaya.

'Ya ɗaya gare shi, matarsa ta rasu ta bar masa ita tana shekara tara. Da yarinyar ta girma ta auri wani dogo mai yawan murmushi, suka haifi biyu. Dogon nan ya yi shekara biyu a zaune tun da aka rufe kamfanin da yake wa tuƙi. Wata Talata sai ga shi da tsohuwar mota shuɗiya. Gadon gonarsa ya sayar ya saye ta, zai yi haya.

"Baba, karkarwa kawai take yi," in ji shi. "An ce kujeru ne."

Kujerun ne kuwa, duka ukun sun fashe. Ƙarƙashi ya tallafe injin da jak da katako, ya cire tsofaffin, ya ɗaura sababbi biyu lafiya lau. Ta ukun, ta gaban dama, notinta ya ƙi shiga. Ramin ya goce da kamar faɗin yatsa. Ya daɗe a ƙasa har na leƙa in ga ko barci ne ya sace shi. Na tarar yana kankare baƙin fenti a jikin shasi, wato ƙashin motar, da bakin sukudireba. A ƙarƙashin fentin akwai walda, an yi ta kamar kashin kaji, tsaga kuma ta fara bin gefenta.

Ya fito ya zauna kan wata taya. "Motar nan ta taɓa cin karo ta gaba, mugun karo. An ja ta da sarƙa, an liƙe, an shafe. Ƙafar dama a kan waldar nan take tsaye. Ranar da ka faɗa rami da gudu, taya za ta kama gabanta, kai ma ka kama naka."

"A sake waldar mana, Baba."

"Ƙarfen ya mutu. Sai dai a yanka ta a sayar da kayan."

Murmushin dogo bai gushe ba, ni abin da ya ba ni tsoro ke nan. Ya ce ya ji, ya gode, a dai ɗaure masa ta ukun ya lallaɓa ya kai ta wurin masu yanka. A nan Ƙarƙashi ya yi kuskuren da ba wanda zai yi sai irinsa. Ba ya iya barin mota ta fita daga garejinsa inji na lilo, ko da mahauta za ta. Ya faɗaɗa ramin, ya daidaita, ya ɗaure tam. Da aka tayar, ko kofin ruwa ka aza a kan bonet ba zai zube ba. Karkarwar nan ita kaɗai ce za ta sa mai saye ya yi shakka, shi kuma da hannunsa ya kashe ta.

Bayan mako uku, da hantsi, shuɗiyar ta tsaya a gabana za a ƙara iska. Wani malamin makaranta ne a sitiyari, matarsa a gefe, yara huɗu a baya suna faɗa kan taga. Ya tambaya wane ne Ƙarƙashi, na nuna masa ƙafafu. Har ƙasa ya durƙusa.

"Baba, godiya na zo yi. Ba don sunanka ba da ban saya ba. Surukinka ya ce da hannunka ka duba ta, ka sa mata sababbin kujeru. Gobe ma za mu yi doguwar tafiya."

Ƙarƙashi ya fito ya tsaya yana kallon yaran. Na san abin da ke tafe. Na matsa na ce masa a kunne, "Ka tuna da yarinyarka." Na faɗa, ba zan yi musu ba, kuma har yau ina jin kunyar kaina.

Bai ko dube ni ba. "Malam, sauke iyalinka," ya ce. Ya kwantar da mutumin a kan kwalin da fararen kayansa, ya kama yatsansa ya ɗora a kan tsagar.

Abin da ya biyo baya ba daɗin faɗa. Malamin ya kai ƙara, dogo ya kwana biyu a tsare, motar ta ƙare a hannun masu yanka. Da ya fito ya ce tunda uban matarsa ya zaɓi bare, to ya riƙe 'yarsa. Ta dawo gida da akwati biyu da yara biyu.

Wata shida ke nan. Tana gaishe shi, tana wanke masa kayan aiki, tana kawo masa abinci gareji da rana, iyakarta ke nan. Shi kuma ya rame, ƙwanƙwasarsa ma ta rage ƙarfi. Jiya da ta ajiye kwanon, ya jawo jikinsa waje ya tare ta, ina zaune ina jin su.

"Uwata, ki yi mini magana. Da na yi shiru, yaran nan huɗu fa..."

Ta dube shi, ba fushi a fuskarta, da ma fushin ne da sauƙi.

"Baba, a cikin yaran malamin, ka san sunan ko ɗaya?"

Ya juya sifanar da ke hannunsa.

"Nawa kuwa kullum sai sun tambaye ka yaushe babansu zai zo."

Ta ɗauki kwanon shekaranjiya ta tafi. Ya daɗe zaune a ƙasa da sifana a hannu, har wani mai mota ya gaji da jira ya ja abarsa.