Baba Ba Ya Yarda da Waya Ɗaya

Mahaifina mai gyaran wutar mota ne. A layinmu Mai Waya kowa ke ce masa, har waɗanda ba su san inda shagonsa yake ba. Shagon ba wani abin kallo ba ne, ɗan ɗaki ne a bakin gareji, tsakanin mai faci da mai walda, da benci guda da ya sha baƙin mai har yana sheƙi. Ya kafa ƙusoshi a bango ya rataye wayoyi kala-kala, a kan tebur kuma ga tsofaffin gwangwanayen madara cike da fis da ƙwayayen fitila. Warin salatif da narkakkiyar dalma ba ya barin rigarsa. Ko an wanke ta, Inna takan shinshina ta ce, "An dai nuna mata ruwa."

Yana da wani hali da duk direbobin garejin suka sani. Ko ham ka kawo masa ya gyara, sai ya leƙa fitilunka. In ya tarar fitilar hagu da ta dama suna shan wuta ta hanya ɗaya, to ka nemi wurin zama, don ba za ka tafi da wuri ba.

Da can ba wannan ce sana'arsa ba. Direba ne, yana jan wata ƙaramar bas ta haya tun yana saurayi. Wata ranar damina, ana gab da magariba, hadari ya haɗu, gari ya rufe tun kafin lokacinsa. Ya ɗauko fasinjoji yana gangarowa wata kwana, ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya, sai fitilun gaba suka ɗauke duka biyu a lokaci guda. Ya ce ko bonet ɗinsa bai ƙara gani ba. Ya taka birki, motar ta sulale a hankali ta kwanta a kwalbatin gefen hanya. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba, sai wata dattijuwa da ta karye a hannu.

Tare da dattijuwar akwai 'yar ɗan'uwanta, budurwa, rungume da kan keken ɗinki da suka kai gyara. Ita ce Innata. Daga nan labarin ya rabu biyu. In Baba ne ke bayarwa, ya tarar da ita tana kuka, ya lallashe ta da magana mai daɗi. In Inna ce, shi ne ke tsaye cikin ruwa yana rawar jiki, ita kuma ta fito ta taga ta ce masa, "Malam direba, dama motar ba ta da ido ka kwaso mutane?"

Duk gidanmu mun fi yarda da na Inna.

Washegari da aka jawo motar ya buɗe ya duba. Wani fis ne ya ƙone, ɗan abin da bai kai farce ba. Wanda ya taɓa yi wa motar gyara ya tattara fitilun gaba da ham da gogen gilashi ya ɗora su duka a kansa. Baba ya ce ya daɗe yana juya abin a tafin hannunsa, yana tunanin yadda mota cike da mutane ta dogara da wannan ɗan siririn ƙarfe.

Ya riƙa zuwa duba dattijuwar har aka kwance mata ɗori. Bayan an kwance ma bai daina ba. Ran nan sai ta dube shi ta ce, "Ɗan nan, hannu dai ya warke. Wane hannun kuma kake zuwa dubawa?" Ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeya. Kafin shekara ta zagayo an ɗaura aure, shi kuma ya ajiye tuƙi ya koma wurin wani tsoho mai gyaran wuta ya zauna koyo.

A cikin abokansa babu wanda suke faɗa da shi kamar Dogo, direban bas ɗin da ke kwasar ma'aikatan wata masaƙa. Na taɓa kai wa Baba abincin rana na tarar da su ana yi. Dogo ya kawo motar don sigina ta daina ƙiftawa, ya je ya dawo ya tarar an zare wayoyin gaba an baje a ƙasa.

"Sigina na kawo maka, Mai Waya, ban ce ka yi mata tiyata ba!"

"Zo ka gani," in ji Baba, ko ɗagowa bai yi ba. "Wannan wayar ita ke kai wuta fitilar hagu, ita ke kaiwa ta dama. Fis ɗinsu ɗaya. Ka ga wannan kuma da aka ɗaure a jikin ƙarfe? Ta nan wutar ke komawa batir. Ita ma ɗaya ce, ga ta nan tsatsa ta cinye ta. Ran da ta gaji, fitilun za su tafi tare, ko sallama ba za su yi maka ba."

"Shekara nawa ina jan motar nan ba su tafi ba?"

"Ni ma tawa ba ta taɓa yi ba sai ran da ta yi."

Dogo ya ja tsaki ya zauna a benci, ya buɗe kwanon da na kawo ya fara ci, wai ladan jiransa ne. Baba bai hana shi ba. Ya ba kowace fitila nata fis da tata wayar komawa. Bai ma yarda wayoyin su bi hanya ɗaya ba, ta hagu ya bi da ita ta hagun inji, ta dama ta dama, don abin da ya yanke wannan kada ya kai ga waccan. Da ya gama sai ya zagaya baya ya ƙara wata 'yar fitilar birki a saman gilashi, da wayarta daban. Dogo ya tafi yana rantsuwa ba zai ƙara taka shagon ba.

Bayan 'yan watanni sai ga shi da sassafe, fuska a murtuke.

"Ga aikinka nan. Fitilar hagu ta mutu mini a hanya, mota cike da mutane, gari bai gama wayewa ba."

"Ta dama fa?"

"Ina ruwanka da ta dama? Ta hagu nake maka magana!"

"Da me ka ƙarasa masaƙar?"

Dogo ya kalli mai faci, mai faci ya kau da kai yana dariya. Da aka buɗe sai aka ga ɓera ne ya shiga ya gaigaye wayar hagu. Baba ya ɗaga guntun wayar yana nuna wa duk wanda ya zo wucewa, yana washe baki kamar an ce masa an yi masa jika. Dogo bai yi godiya ba, har yau ma bai yi ba. Amma tun daga ranar, duk direban da ya sayi mota, shi ke jawo shi da kansa zuwa shagon, yana tafe yana cewa, "Zai ɓata maka yini, na gaya maka tun yanzu."

Haka muka tashi muna ganinsa. Ni ce auta, kuma ni na fi zama kusa da shi. Ba mai yawan magana ba ne a gida. Yakan dawo da yamma ya wanke hannu da omo har sau ba adadi, ya zauna a tabarma, Inna na ɗinki yana zura mata zare a allura, don ya ce idonsa ya fi nata. Ita kuma ta ce ba idonsa ne ya fi ba, neman wurin zama ne.

Da shekaru suka ja sai motoci suka canza. Sababbin da ake shigowa da su, in ya ɗaga bonet ba ya ganin komai sai murfin roba. Ya tsaya ya kalla, ya mayar ya rufe.

"Wannan ba mota ba ce, firji ce," in ji shi.

Masu irin waɗannan motoci suka koma wurin wani mutum da ya buɗe shago a ƙarshen garejin, wanda ake ce wa Mai Kwamfuta, don shi na'ura yake jonawa ta gaya masa ciwon mota. Baba bai taɓa zaginsa ba, amma bai taɓa taka shagonsa ba. Aiki ya ragu. Wani lokaci in na biya sai in same shi zaune shi kaɗai yana jera fis bisa kala, alhali a jere suke.

Ana cikin haka maigidana ya sayi irin motar. Baba ya zo ya sa albarka, ya zagaya ta, amma ya ƙi shiga. Da na matsa masa sai ya ce, "Auta, an ce komai na motar nan a hannun wani akwati ɗaya yake. Fitila, sigina, birki, duka. Ni kuwa kin san ra'ayina a kan ɗaya."

Sai ranar da gwiwarsa ta matsa masa, aka ba shi lokacin ganin likita da hantsi. Muka zo ɗaukarsa. Ya fito yana ɗingishi, da sukudireba a aljihun gaba. Inna ta bi shi da kallo ta ce, "Likitan za ka kwance?"

Ya dubi maigidana ya ce, "Ɗana, buɗe mini but ɗin bayan motar."

Maigidana mutum ne mai kunyar Baba ƙwarai, ko ido ba ya haɗawa da shi. Ya dubi agogo, ya dube ni, ya ce, "To, Baba." Baba ya cire wani murfi ta ciki, ya zura hannu ya zaro ƙwan fitilar birki na hagu. Ya riƙe shi a hannu ya ce in shiga in taka birki.

Na taka. Nan take motar ta yi 'yar ƙara, wata alama ta fito a gabana mai nuna fitilar baya ta hagu ta mutu. Na faɗa masa da ƙarfi. Sai na jiyo muryarsa daga bayan motar.

"Sake takawa."

Na sake.

"Saki. Taka kuma."

Da na gaji na fito na zagayo, maigidana ya karɓi birkin. Sai na ga abin da Baba ke kallo. Gurbin ƙwan da ya cire duhu ne, amma ƙaramar fitilar da ke kusa da shi, wadda aikinta kawai ta nuna akwai mota a gaba, da an taka birki sai ta ƙara haske ta tsaya a madadin wadda aka cire. Baba ya mayar da ƙwan, ya koma dama ya cire na can. Haka ta sake yi.

Ya lallaɓa ya zauna a dakalin ƙofar gida, ya miƙe ƙafar mai ciwo, ya fara dariya har da hawaye.

"Wanda ya ƙera wannan," ya ce, "shi ma ya taɓa jin tsoro. Wallahi ya taɓa ji."

Mun makara wurin likita, sai da muka bi layi daga baya. A hanya Baba na gaba yana shafa kujera, yana tambayar maigidana abubuwan da bai san amsarsu ba. Da muka dawo, muna gab da garejin, sai ya ce, "To in akwatin da kansa ya rikice fa? Ko wayar makunnin fitila ta yanke?" Maigidana ya ce gaskiya bai sani ba. Sai Baba ya ce, "Shiga da mu ciki. Har ƙarshe."

Mai Kwamfuta na ganin wanda ya fito daga motar ya miƙe tsaye, ya goge kujerarsa da hannun riga. Ashe ya daɗe yana son su gaisa, kwarjinin Baba ne ya hana shi. Ya saurari tambayar, ya tada motar, ya zura hannu ƙarƙashin sitiyari ya zare soket ɗin makunnin fitila gaba ɗaya. Fitilun gaba suka kama da kansu, rana tsaka.

"In ta daina jin makunnin, Baba, ba ta san ko a kunne yake ko a kashe ba. To sai ta zaɓi kunnawa."

Baba ya daɗe tsaye a gaban motar, hasken na dukan wandonsa. Sannan ya ce, "Mayar, ka sake cirewa in gani."

Tun daga ranar, in an yi azahar sai ya ja ƙofar shagonsa ya ɗingisa zuwa ƙarshen garejin. Mai Kwamfuta na nuna masa yadda ake karanta na'urar, shi kuma in na'urar ta ce waya ta yanke amma ta kasa faɗin a ina, Baba ne ke bin ta da yatsa har ya kamo wurin. Kowannensu Malam yake ce wa ɗan'uwansa, kuma kowanne ya dage shi ne ɗalibin. Ba su rasa gardama ba. Baba har yanzu yana ganin akwai wuraren da masu ƙera motar suka yi rowar waya, kuma yana da niyyar gaya musu in ya gan su.

Makon jiya na kai masa 'yata ta gaishe shi. Muka same shi a tsakar gida da tabarau a kan hanci, ya ƙura wa wayar hannu ido. Mai Kwamfuta ne ya turo masa zanen wayoyin wata mota, layukan sun yi masa ƙanana. Yarinyar ta haye cinyarsa, ta kama yatsunsa biyu ta ɗora a gilashin ta buɗa su, zanen ya girma. Ya gwada da kansa, hoton ya gudu gaba ɗaya.

"Kai, tsohon nan, ba ka da kai," in ji ta. "A hankali ake yi."

"To, Malama," ya ce, ya miƙa mata yatsun. "Sake nuna mini."