Filin da Na Zana Babu Kowa

Ni mai fenti ne, kuma a zamanina babu motar katako da ta fita Katsina ba da zakina a bayanta ba. Na taɓa zana wani zaki da ya sa jakunan Ƙofar Marusa suka yi sati ba su bi ta gaban shagona ba. Sai wata Juma'a malaminmu ya yi wa'azi a kan masu zana abu mai rai, ya ce ran gobe za a ce su hura masa rai. Ni da ko garwashi na hura sai na yi tari har la'asar! Daga ranar na tuba. Na koma itatuwa, duwatsu da faɗuwar rana.

Shekarar da soja suka koma bariki, gari ya cika da manyan riguna da kwamitoci. Aka kafa wani na kare filayen jama'a daga hamada da masu handama. Sakatarensa ya zo ya ce suna son ƙaton zane na makiyayar da ke can bayan Ƙofar Guga, a rataya a ofis, kowa ya ga abin da ake karewa.

Wurin akwai Fulani, sun fi ƙarfin tunawar kowa a zaune. Ardonsu, wani dogon tsoho da nake kira Baffa, shi ya zagaya da ni. Kwana uku muna tafiya a rairayi har takalmina ya nemi saki.

"Kaɗo, buɗe ido," in ji shi. "Wanga burtali ne, ba hanyar kura ba. Can mashaya. Gawon nan kuwa kada ka sa mashi ganye, damina ce. Ku mutanen birni kun ɗauka duk icce ɗaya ne."

"Baffa, ni fa na yi makaranta."

"Shi ya sa."

Murna yake yi. Ya ce tun da aka haife shi gwamnati ba ta zo wurinsu ba sai don jangali ko allura, yau ga shi za ta rataya su a bango.

Na yi aiki kamar zan mutu gobe. Jigawa ta fito ja, sabara da kalgo kowanne a mazauninsa, tabkin har ka ji kamar ka yi alwala. Saniya dai ban sa ko ɗaya ba, balle mutum. Bukkokinsu ba su da rai, a nan ba ni da malamin da zan fake da shi. Na ga za su tare mini faɗuwar rana ne, na bar su.

Da Baffa ya gani ya daɗe yana kallo.

"Ina shanun?"

"Sun tahi kiwo."

"Mu fa?"

"Kun bi su."

Ya yi dariya har da riƙe sanda, ni ma na yi.

Ranar da aka buɗe zanen, manya suka taru, turare kamar an fasa kanti. Wani Honorabul mai zobe a kowane yatsa ya tsaya gabansa ya ƙi gusawa. Na ɗauka gwanintata ce ta kama shi.

"Malam, ina ne nan?"

Na gaya masa.

"Kusa da gari haka? Kuma duk wanga hili a kwance?"

Bakina, wanda bai taɓa ganin rami ya kauce ba, ya ce, "Ranka ya daɗe, in ka tsaya a tsakiyarsa ka yi sallama, sai jibi za a amsa maka."

Aka bushe da dariya. Shi bai yi ba. Ya dai gyaɗa kai, ya ce a ba ni lemo.

Kafin kaka ta yi, masu awo sun shiga da sarƙarsu. Turakun siminti suka tsiro a burtali fiye da yadda gero ke tsirowa. Aka ce unguwa za a yi, ta zamani, wai gidaje ma suna tare hamada.

Baffa ya zo shagona da hantsi, ya ce in raka shi ofishin kwamiti in yi shaida, tunda na taka wurin da ƙafata. Muka zauna a benci tun hantsin har azahar. Da aka shigar da mu, ga zanena a bayan kujerar shugaban kwamiti, an yi masa firam mai ruwan zinare.

Baffa ya yi gaisuwa doguwa, ya faɗi kakanninsa da suka yi kiwo a wurin, ya ce in an toshe burtali shanu ba su da hanyar ruwa. Shugaban ya saurara yana juya biro. Sannan ya nuna bayansa da babban yatsa, ko waiwayawa bai yi ba.

"Ardo, ga wurin nan. Shaidarka ne ya zana. Nuna mani rugarka."

Na miƙe na ce akwai shanu, wallahi sun fi ɗari, ni ne ban sa ba saboda wa'azin malam.

"To bukkoki fa, Malam? Su ma rai gare su?"

Akawu ya sunkuyar da kai yana dariya.

Na san ko babu zanena da sun cinye filin. Mutanen da suka iya haɗiye makarantar firamare da filin ƙwallonta ba buroshina suke jira ba. Amma ni na ba su abin nunawa da yatsa, kuma da shi aka sallami tsohon nan kamar wanda ya zo roƙo.

A bakin ƙofa na ce, "Baffa, bari in roƙe su in ƙara shanun. Yini ɗaya ya ishe ni."

"Su ci mi, fenti?" Ya gyara sandarsa a kafaɗa. "Shanu ba su dame ni ba, duk inda na sa gaba za su bi ni. Gindin gawon nan ubana ne kwance, da ɗiyana biyu. Su wa zai kora su?"

Ban san da su ba. Kwana uku ina bin sa ina zuba surutu, ban tambaye shi abin da ya sa kullum yake cire takalmi a wurin ba.

Bayan sati biyu suka tashi. An ce sun yi kudu. Gawon kuwa an sare shi tun kafin a zuba harsashin gidan farko.