Jirgin Arzika Bisa Tudu

Arzika mutumin Argungu na, ɗan masunta. Abin da ubanai yab bar mai ɗaya na, jirgin ruwa na maɗaci, dogo, baƙi ƙirin. Da shi yaka kai albasa da busasshen kihi Birnin Kebbi, shi komo ga matatai Laure da gishiri da zane.

Shekarar da za a ba mu mulkin kai, gulbi yaj janye da wuri, yar rutsa da shi Birnin Kebbi. Sai yaj ja jirgin gindin tudu, yak kihe shi, yac ce bari shi yi lebura kahin ruwa shi komo.

Lokacin ana share kan tudun, wai za a gina masaukin baƙin buki. Wuri na mai duwatsu, ko jaki sai da bugu yaka hawa. Heluma, wato shugaban leburori, wani Dikko na, mai jan ido da bulalar dorina. Anka sare sabara, anka ja igiya, anka yi ta kwasar tsakuwa da kwanon sarki. Sai ga wani baƙin dutsi tsakiyar hili, diga na taɓa shi tana tsalle.

Dabarar da aka yi, a hura wuta bisa dutsi har shi yi ja, a sheƙa mai ruwan sanyi, shi tsage. Anka ƙone kara, anka ƙone sabara, dutsi ko gezau.

Ran nan ana shan hura ƙarƙashin inuwa, Arzika yac ce, cikin hira kawai, "Wutar kara ba ta cin wanga dutsi. Sai icce mai nauyi, irin na jirgina."

Ashe Dikko na bayanai, shina ji.

Wanshekare yat tura shi hwadama ɗibar ruwa, can nesa. Arzika ya hawo tudu da tulu ga kahwaɗa, yaj ji ƙamshin da hancinai yas sani, kihi da tsohon icce. Yad duba cikin wuta, yag ga ƙarhen da ubanai yal liƙe tsaguwar goshin jirgin da shi, ya yi ja.

"Heluma, mi na ne wanga?"

"Icce mai nauyi mana. Ba kai kac ce ba?"

"Jirgin ubana na! Da mi zan koma gida?"

"Da ƙahwa, ɗan kihi. Ƙasa za ta samu 'yanci, kai kana kukan gungume?"

Leburorin da sunka sa ma jirgin gatari, da su yaka cin tuwo kwano guda. Ba wanda yaɗ ɗaga kai.

Dikko yat taɓa shi da bakin bulala. "To zuba ruwan, kai ad da sanin ruwa. In ka bari wutar ga ta mutu, ka sa na yi asarar jirgi banza."

Arzika yas sauke tulun daga kahwaɗa. Sannan yaz zuba. Dutsi yay yi ƙara awa bindiga, yad dare. Leburori sunka yi shewa, har da masu kabbara.

Da damina tas sauka gulbi yac cika, jiragen Argungu sunka zo. Wani ɗan unguwarsu, Ummaru, yac ce, "Shigo in kai ka, Laure na ta tambaya."

Arzika yas sa ƙahwa guda cikin jirgin. Wani matuƙi yac ce, "Ku gyara ma baƙo wuri, kak ku bari shi jiƙe!" Anka yi dariya. Yaj janye ƙahwatai.

Laure ta aiko, ta sake aikowa, daga baya danginta sunka kai magana gun alƙali, anka raba auren. Shi ko yaz zan ɗan garuwa nan Birnin Kebbi, shina kai ruwa gida gida har bayanai yat tanƙware. Yara na bi nai suna "Sarkin jirgin tudu, yaushe za a tashi?"

Nan yam mutu, bai sake ganin Argungu ba.