Buhun da Baba Ummaru Direba Ya Bar Min

Baba Ummaru Direba ya rasu.

Yau da sahe labarin ya iske ni, ina tsaye gaban allo da alli a hannu. Ɗiyarshi Nana ce ta kira. Ta ce ya dawo daga masallaci, ya ɗauki bokiti zai wanke mota kamar kullum, sai ya zamna bisa dakali ya ce kanshi na juyawa. Kamin a samo wanda zai tuƙa motar a kai shi asibiti, rai ya yi halinshi.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mutumin da ya ƙarar da ƙarfinshi wajen kai marasa lafiya asibiti, ga mota a ƙofar gida, ga makulli a aljihunshi, babu direba. Allah ke nan.

An yi jana'iza a Goronyo. Yanzun nan na dawo daga wurin gaisuwa, amma sai na rubuta wannan, don akwai maganar da ya roƙe ni in faɗa na ƙi.

Wanda bai san shi ba, direban haya ne. Goronyo, Wurno, Sakkwato, wasu ranaku ya ratsa Rabah. Tsohuwar motarshi ja ce, ƙofar baya sai daga waje ake buɗe ta. A but ɗin bayan motar akwai tabarma da filo da buta da ba su taɓa fita ba, na marasa lafiya ne.

A motar nan na san shi. Shekarar da mahaifiyata ta kwanta, daga Kwargaba munka ɗauko ta. Kun san gaban mota mutum biyu ake cusawa. Ya kwantar da kujerar, ya sa ta ita kaɗai, kuma kuɗin mutum guda ya karɓa. Duk ramin da za mu shiga sai ya ce, "Sannu Inna, ga wani nan." Har Sakkwato.

Ni kuwa duk hanya faɗa nike da fasinjan baya da ke ƙorafin ba a gudu. Ran nan ya raɗa min suna Malama Barkono, kuma sunan ya bi ni har makarantar da nike koyarwa a Wurno. Ban taɓa yafe mishi wannan ba, ya sani, dariya kawai shike.

Da anka fara maganar katin inshorar lafiya, a biya kaɗan a ajiye, ran ciwo a ga likita ba tare da an sayar da abin hannu ba, shi ne ya fara ɗaukar zancen a ka. Ba boko ya yi ba. Abin da ya gani a madubin mota ne. Ya ce sau nawa ana hanya, dangi su yi ƙus-ƙus a baya, sai a taɓa kafaɗarshi a ce, "Direba, juya mu koma gida." Ba don mara lafiya ya samu sauƙi ba. Sun lalube aljihu ne.

"Juyawan nan ita ka hana min barci, Malama."

Mutane sunka ce caca ce. Wasu sunka ce gaba da ƙaddara ne, ka biya kuɗin ciwon da bai zo ba. Wata rana a tasha wani dattijo ya tsare shi da wannan, ina tsaye. Baba ya ce, "Alhaji, in an yi gayya gonar maƙwabcinka, kai ka tahi da hauyarka, caca ka yi? To wagga ma gayya ce, ta magani. Bana a yi ma wani, baɗi a yi maka, in Allah ya tsare ka ba a yi maka ba, sai ka gode." Sati na zagayowa na ga sunan dattijon cikin masu rajista.

Baba ne ya jawo ni aikin cika fom ɗin rajistar. Ya ce maza ba su shiga cikin gida, ni ina shiga, kuma bakina ba ya mutuwa. Duk Asabar ya ɗauke ni kyauta. Ya san ba na karyawa kamin in fito, sai in tarar da soyayyen kifin dam ɗin Goronyo a takarda bisa kujerata. In na ce na gode ya ce, "Ci dai, mai yunwa ba ta rubutu daidai."

To, ashe mai ƙoshi ma tana kuskure. Ga maganar.

A Rabah akwai wani gida da matan Tungar Ɓaure ke zaune, waɗanda 'yan bindiga sunka tasa daga garinsu. Babbarsu Inna Hassi, mai ciwon suga, ba ta rabuwa da magani. Na shimfiɗa takarduna, na ce, "Inna, wane gari zan rubuta?"

Ta ce, "Tungar Ɓaure."

Na ce, "Ai nan Rabah kike zamne yanzu."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Mi? Zamne? Baƙunta nike yi, ɗiyata. Rumbuna na can. Kushewar mai gidana na can. Ke ce za ki tashe ni da biro bayan an tashe ni da bindiga?"

Wallahi sai na duƙar da kai bisa fom. Na rubuta Tungar Ɓaure. Sauran matan sunka ce su ma haka, na bi su ɗaya bayan ɗaya na rubuta.

Kuma kar wani ya ce ban sani ba. Na sani. An faɗa muna a wurin horon masu cika fom cewa garin da anka rubuta, a asibitinshi ne kawai kati zai yi aiki. Na san ɗakin shan maganin Tungar Ɓaure a rufe shike tun da anka watse. Na ce a raina ai kamin damina sun koma. Gaskiyar magana, ban iya zama wadda za ta goge musu gari da hannunta ba.

Damina ta zo ta wuce, ba su koma ba.

Ranar da ciwon ya kayar da Inna Hassi, Baba Ummaru ne ya ɗauke ta. Anka kai ta asibiti mafi kusa, ta zaro katinta daga bakin zane, sabo fil, a naɗe cikin leda. Ma'aikacin ya duba, ya sake dubawa, ya ce cikin ladabi sunanta ba ya cikin nasu, katin na wani asibiti ne. Sun duba ta, ba su kore ta ba, amma magani sai da kuɗi.

Akuya ɗaya tal ta tsira da ita ranar gudu, da igiya ta ja ta har Rabah. Ita anka sayar.

Da na je gaishe ta na kasa haɗa ido da ita. Ita ce ma ke ba ni haƙuri, wai ita ta sa ni. Wannan ya fi zagi ciwo.

Mun bi hanyar gyara. Sau biyu Baba ya kai mu birni, ofishin masu inshorar. An karɓe mu da mutunci, an ba mu kujera, an ce tsarin bai tanadi mutumin da asibitinshi ya rufe ya bar shi da kati ba, sai an gyara daga sama. A hanyar dawowa ina ta zazzaga masifa har munka wuce rabin hanya. Sai ya ce, "To sama ɗin mutane ne ko aljanu? In mutane ne, suna da kunne."

Daga nan takardar koke ta samo asali. Buƙata biyu kacal. Kati ya bi mai shi duk inda ya samu kanshi cikin jiha. Manomi kuma a bar shi ya biya lokacin da ya cire albasa, tunda shi ba ya da albashin ƙarshen wata. Ni na rubuta, shi ya sa na karanta mishi sau uku, ya cire duk kalmar da ya ce fasinja ba zai gane ba.

Sai ya mai da motarshi ofis. Takarda da tawadar dangwale a gaban mota. Kowa ya shiga sai ya ji bayani, wanda ya yarda ya dangwala, wanda bai yarda ba a ci gaba da hira. Masunta, masu albasa, matan da ke zuwa awo, har wani da ya rantse ba zai taɓa ba, ya dangwala a tafiya ta huɗu. Mutanenmu kuma kun san su, in sun gama sai su goge yatsa a rufin motar. Na ce, "Baba, sun ɓata maka mota." Ya ce, "Bar su, shaidu ne."

Ran Laraba mai zuwa ne kwamitin lafiya na majalisar jiha zai saurari jama'a, kuma an ba mu dama mu yi magana. Wata da watanni shina bin wannan damar.

Ganina na ƙarshe da shi, shekaranjiya ne. Ya tsaya ƙofar makarantarmu lokacin tashi, ya fito da takardun duka a cikin buhun taki da ya wanke, ya ɗaure baki da igiya. Ya ce motarshi na yoyo, in ajiye a wurina. Sannan ya ce, "Ran Laraba ke za ki yi magana. Kuma da Inna Hassi za ki fara, ki faɗa musu ke kika rubuta."

Na hau shi da faɗa. Kun san hali. Na ce so shike ya tsinka ni gaban manya, ni malamar makaranta in tashi in ce ban iya cika fom ba? Gobe da wane ido zan dubi iyayen yara? Na ce ya faɗi komai amma ya bar sunana.

Ya bari na gama tas. Ya ce, "Barkono, in ba ki faɗa ba, cewa za a yi 'yan ƙauye ne ba su san abin da suke yi ba, a yi dariya a wuce. In kin faɗa, za su ga mai ilimi ce, ta san doka, ta dubi tsohuwa ta kasa. Nan za su gane ba mutane ne da gyara ba, takardar ce."

Na ce, "Ba zan yi ba." Na ɗauki buhun na juya. Ko a sauka lafiya ban ce mishi ba.

Ina jin shi ya ɗaga murya yana dariya, "Sai Laraba, ƙarfe bakwai, kar ki karya, da kifi!"

Kalmarshi ta ƙarshe gare ni ke nan. Tawa gare shi kuwa, ba zan yi ba. Wannan zai daɗe shina cina, ba zan ɓoye muku ba.

Yau a gidan gaisuwa motar na nan inda ya bar ta, bokitin na gefe. Na leƙa ta taga. Rufin nan shuɗi ne dangwal-dangwal tun daga gaba har baya. Ban yi kuka a cikin gida ba, a nan na yi.

Ina juyowa sai ga Inna Hassi, wai tun hantsi ta biyo motar albasa daga Rabah. Ta rame. Maganin watan nan rabi take sha don ya kai ta. Ta kama hannuna ta ce, "Ɗiyata, Larabar ta mutu ke nan?"

Na ce, "Ba ta mutu ba, Inna."

Don haka ga shi na faɗa tun kamin Laraba, kowa ya karanta. Ni na rubuta Tungar Ɓaure a katin Inna Hassi da na matan gidansu, ina sane. Kuskurena ne. Zan maimaita shi gaban kwamiti da bakina, da ita tsaye kusa da ni in jikinta ya yarda. Zan kuma tambaye su, cikin ladabi in Allah ya taimake ni, ko daidai ne a ce sai tsohuwa ta yi sallama da garinsu a takarda kamin ta samu maganin da ta riga ta biya.

Ban san mi za su ce ba. Mai yiwuwa a ce za a duba. To za mu koma, mu sake komawa. Baba ya ce suna da kunne.

Abokan aikinshi na tasha sun ce motarshi ce za ta kai mu, ɗayansu zai tuƙa. Ƙarfe bakwai, kamar yadda ya sa. Duk wanda ya taɓa dangwala yatsa a takardar nan kuma shina da hali, ya zo mu cika wurin. Masu gyaran murya a kwament ƙarƙashin rubutun nan kawai, na gode, amma ƙafa nike nema wannan karon.

Kujerar gaba ta Inna Hassi ce, ita kaɗai.

Ya Allah, bawanka Ummaru ya zo gare ka. Yadda ya sassauta wa marasa lafiya a kan ramukan hanya, ka sassauta mishi kwanciyar kabari. Ka yafe kurakuranshi, ka haskaka makwancinshi, ka sa Aljanna Firdausi ce masaukinshi. Ka ba Nana da 'yan uwanta da mahaifiyarsu haƙuri. Ka ba Inna Hassi lafiya, ka mai da mutanen Tungar Ɓaure gidajensu cikin aminci.

Wanda duk ya karanta har nan, don Allah kar ya wuce bai yi mishi addu'a ba, ko Ƙulhuwallahu ƙafa uku ce. Ni kuma ku roƙa min Allah ya riƙe min harshe ran Laraba, ya hana muryata rawa.

Baba, na ce ba zan yi ba. Zan yi. Allah ya sauke ka lafiya.