Agogon da ke kan lokacin Makka

Akwai agogo goma sha ɗaya a bangon falona a Talata Mafara, duk tsofaffi, irin na zamanin iyayenmu da ake murɗawa da ɗan makulli. Baƙi suna yaba mini. Ba na gaya musu cewa yawancinsu daga hannun 'yan gudun hijira na saye su, domin tun da 'yan bindiga suka tashi ƙauyukan Maradun, kayan ɗakin mata suka cika kasuwa. Faɗuwar wani tashin wani, kuma ni ne wanin.

Na tsakiya, mai tsinkayen tagulla kewaye da fuskarsa kamar rana, wata tsohuwa daga Damaga ta sayar mini. A cikin zane ta kwanto shi yana tafiya. Ta ce, "Ɗana, kullum da sahe ka murɗa shi. Kak ka bari shi tsaya." Na ce to, hankalina yana kan tagullar.

A gida na ga yana gaba da awa biyu cur. Na yi tsaki, na ce mutanen ƙauye ko duba agogo ba su iya ba. Na kai wa wani mai gyara a Bakura, ya buɗe shi, ya wanke, ya daidaita shi da wayata.

Bayan wata guda sai ga ta da sallama, ta yi tambaya har ta gano gidana. Muka gaisa, na shigar da ita falo ina jiran godiya. Ta daɗe tana kallon bango.

"Wa yat taɓa shi?"

Na ce ai gyara na sa aka yi.

"Malam mijina da hannunai yas saita shi ga lokacin Makka, shekarad da yay yi aikin hajji. Har yar rasu ba a taɓa shi ba. Da shi nig gudo, ko cikin daji sai da nim murɗa shi."

Kunya ta kama ni, da haushin kaina. Na jawo kujera zan hau in mayar da shi gaba, aikin minti ɗaya ne.

Ta ɗaga mini hannu. "Bar shi, ɗana. In ka maishe shi ma, hannunka na, ba na Malam ba."

Ta gyara mayafinta ta fita, ko ruwan da na kawo ba ta sha ba.