Ranar da Na Ce wa Duniya Ta Kwanta

Har yau idan aka buga ƙofa da ƙarfi sai na zabura. Na fara da wannan ne don kada wani ya ɗauka na warke. Ban warke ba. Amma akwai abin da na samo, kuma a kwance na samo shi, tsakanin ƙafafun kujeru, a gaban mutanen ƙasashe da yawa.

A wani ƙauye kusa da Kucheri aka haife ni, cikin ƙasar Tsafe. Ina aji huɗu na sakandare 'yan bindiga suka shigo mana da hantsi. Ba zan ba da labarin ranar ba. Mun dai tsira da rayukanmu, muka bar gero a rumbu, muka dawo Damba a Gusau, gidan ƙanen Baba. Daga ranar muryata ta shige ciki. A gida nakan yi magana ƙasa-ƙasa, amma da zarar mutane sun taru sai harshena ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Ko sunana aka kira a aji, hannu kawai nake ɗagawa.

Akwai kuma wani abin da ya fi wannan damuna. Idan na fito alwala da asuba, nakan ji ƙarar bindiga kamar a bayan katangarmu. In gari ya waye sai a ce ai can wani ƙauye ne mai nisa aka yi harbi. Na gaya wa Inna, mahaifiyata, ta dafa kaina ta ce, "Tsoro na cikin kunnenki, ɗiyata. Yi ta addu'a." Ina yin addu'ar, amma a zuciyata na fara zargin kaina ne ya taɓu.

Malamarmu ta kimiyya 'yar Bungudu ce, gajeriya, mai faɗa, kullum a motar haya take shigowa Gusau. Ita ta sa ni na rubuta jarrabawar da za a zaɓi ɗaliban da za su je wani taron kimiyya a Abuja, inda 'yan makaranta daga ƙasashe daban-daban za su zauna da manyan masana na duniya. Na ci. Sai dai akwai sharaɗi: wadda aka zaɓa za ta miƙe a gaban taro ta yi wa babban baƙo tambaya da bakinta. Shugabar makaranta ta ce gara a tura yarinya mai baki. A gabana Malama ta ce, "Ranki ya daɗe, ai ba gasar surutu ba ce. In ta kasa, ni na kasa."

Da ta zo gidanmu neman izini, Inna ta riƙe haɓa.

"Malama, wagga da ba ta iya sayen gishiri a shago, ita za ta yi magana da Turawa?"

"Inna, aronta za ki ba ni. In na maido miki ita da baki, kin ba ni tukuici."

"In kin maido ta da baki, kaza taki ce. Amma hanyar Tsafe za ku bi ko?"

Ita za mu bi, don babu wata hanyar. Ranar tafiya, tun da muka bar Gusau ban ɗaga ido daga ƙafafuna ba. Da muka zo Kucheri na gane wurin da muryar masu tallar gyaɗa a bakin titi, ban duba ba. Malama ta riƙe hannuna, ta sa ni maimaita tambayar da ta shirya mini da Turanci: wace shawara zai ba 'yan mata masu son kimiyya? Ina maimaitawa a zuci, leɓɓana kawai ke motsi.

Zauren taron ya fi filin makarantarmu girma, ga sanyin na'ura har cikin ƙashi. Ɗalibai baƙaƙe da farare da jajaye, kowa da tutar ƙasarsa a ƙirji. Babban baƙon wani tsohon farfesa ne Bature, gashinsa fari fat kamar auduga, an ce ya taɓa karɓar babbar lambar yabo ta duniya. Malama ta raɗa mini, "Dubi tsohon nan da kyau. Kakanki ne. Jika ba ta kunyar kaka."

Aka ce bayan ya gama nuna wani gwaji, ni ce ta farko da za ta yi tambaya. Wata mata ta kawo mini makirufo tun kafin lokaci, ta kunna shi, ta ce in riƙe. Tsohon yana ta magana ta hanci, yana nuna wani jan balan-balan da aka ɗaure da zare, wanda aka cika da iska mai kama wuta. Daga baya na ji cewa ya gargaɗi kowa ya toshe kunne. Ni ban ji ba, ina can ina bitar tambayata. Malama ma ba ta ji ba, ni take kallo. Ya ɗauki doguwar sanda mai kyandir a kai, ya kai wa balan-balan ɗin.

Ƙarar ta daki ƙirjina.

A ƙauyukanmu akwai abin da ba a koya wa kowa a makaranta, amma kowa ya iya. Duk wanda ya fara jin harbi, shi ke da alhakin sanar da sauran. Ban yi tunani ba. Na buɗe baki iya ƙarfina na ce, "Ku kwanta! Ku kwanta!" Na zube ƙasa. Makirufo yana hannuna a kunne. Muryar da ta yi shekara ba ta wuce ƙofar ɗakinmu ba ta fito ta kowace lasifika a zauren, da Hausa, har bango yana amsawa.

Na buɗe ido ina kallon takalman mutane. Duk duniya tana zaune. Mutum ɗaya ce ta bi umarnina: Malama, kwance shame-shame a gefena cikin leshinta na zuwa biki, ɗankwalinta ya goce. Hawaye na zuba, na so ƙasa ta tsage in shige. Sai ta juyo da fuska, kumatunta a kan dardumar zauren, ta ce a hankali, "To, 'yar nema, ashe kina da murya. Kin kwantar da ni a gaban Turawa, saura tambaya. Tashi."

Dariya ta kuɓuce mini cikin kuka. Na dafa kujera na miƙe. Tsohon ya riga ya sauko daga dandamali, ya tsaya kusa da mu, fuskarsa duk damuwa. Ya ba da haƙuri, ya tambayi ma'anar abin da na faɗa. Na laluba tambayar da na haddace, babu ita, ta bi iska. Abin da ya rage a bakina shi ne nawa. Da Turancina na makaranta, mai tuntuɓe, na gaya masa ma'anar kalmar, da dalilin da ya sa muke faɗinta a garinmu. Sannan na ce, "Me ya sa da asuba nake jin harbin da aka yi a nesa kamar a bayan gidanmu, amma da rana ba na ji? Kunnena ne, ko kaina?"

Ya ce ba kunnena ba ne, ba kuma kaina ba ne, iska ce. Ya kama hanya zuwa allo, ya yafito ni na bi shi, ya ba ni abin rubutu ya ce in ja layin ƙasa. Ya bayyana cewa da asuba ƙasa ta huce, iska mai sanyi tana kwance a kanta, mai ɗumi tana sama. Ƙara ta fi gudu cikin iska mai ɗumi, don haka wadda ta tashi sama sai ta lanƙwaso ta sauko can nesa. Da rana kuwa ƙasa ce ke da zafi, sai ƙarar ta lanƙwashe sama ta ɓace. Ni na zana bakan da ƙarar ke bi da hannuna, ya fito a karkace. Bai yi mini ƙarya ba, ya ce wannan ba ya nufin kowace ƙara daga nesa take. Amma abin da nake ji gaskiya ne. Ya juya ga taro ya ce haka ake fara kimiyya: mutum ya lura da abu, a ce masa ba haka ba ne, ya ƙi daina tambaya.

Da aka fara tafi na firgita kaɗan, amma ban kwanta ba.

A hanyar dawowa, da muka zo Kucheri, na ɗaga kai na duba ta taga. Gonaki na nan, dawa ta yi kai. Na ci gaba da dubawa har muka wuce Tsafe.

Inna na tsakar gida tana tankaɗe muka yi sallama. Tun daga zaure na ɗaga murya na ce, "Inna, kaina lafiya lau! Iska ce ke lanƙwaso ƙarar!"

Ta saki rariya ta dube ni, ta dubi Malama.

"Wa ag ga da baki haka?"

"Ɗiyarki ce," in ji Malama. "Ta kwantar da ni a Abuja, leshina ya sha ƙasa. Kaza ɗaya ba ta isa ba, Inna, sai kin haɗa da sabulu."

Washegari da asuba na fito alwala. Can na ji ƙarar, tim, tim, kamar a bayan katanga. Na so in zube ƙasa kamar kullum. Na riƙe buta da kyau, na ji sanyin ƙasa a tafin ƙafata, na yi wa mutanen ƙauyen da ban sani ba addu'a. Sannan na ƙarasa alwalata a tsaye.